Waiwaye: Waɗanda Suka Bi Gida-Gida a Ƙasar Daura

A watan Agusta na shekarar 2019 aka buɗe asibitin rundunar sojin sama a Daura. Shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, shi ya ƙaddamar da shi, gari ya cika da manyan baƙi, kowa na murna an ƙara samun inda za a kai marar lafiya ba sai an nufi Kano ko Katsina ba. Wata biyu bayan haka, a tsakiyar Oktoba, 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Sabon Gari, cikin garin nan dai, suka ce sun fito da mutum 67, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. Irin gidajen nan ne da iyaye kan kai ɗan da shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, ko wanda ya gagari gida, ko wanda hankalinsa ya taɓu. Makonni kaɗan kafin nan an fasa irinsa a Rigasa ta Kaduna, bayansa kuma aka fasa wani a birnin Katsina.

Gini yana da ranarsa, babu mai musun haka. Amma daga ɗakin da marar lafiya yake kwance zuwa ƙofar asibiti akwai tazara, kuma mutane ne ke cike ta. Duk wanda ya waiwayi shekaru ashirin da suka wuce a ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan, wato Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, zai ga cewa duk cutar da aka ci galaba a kanta, akwai wasu bayin Allah da suka bi gida-gida saboda ita. Akasarinsu mata ne, kuma akasarinsu ba sa cikin masu jiran albashi a ƙarshen wata. Cutar da ba a tura kowa gida-gida dominta ba, ita ce ta ƙare a mari.

Ba yau aka fara ba. Tun kafin a san asibitin sha-ka-tafi ƙasar nan tana da masu jinyarta. Ungozoma ke yanke cibi, ta tsaya wa mai jego har ta yi arba'in. Wanzami ke kaciya da ƙaho. Maɗori ke ɗaure karaya, sau da yawa ba ya yanka kuɗi, abin da aka miƙa masa na sadaka shi ke nan. In magidanci ya kwanta da damina, samarin unguwa su yi gayya su nome masa gona, mata su riƙa aiko da kunu da fura. Dubiya kuwa haƙƙi ce da addini ya ɗora, wanda ya ƙi zuwa sai an yi da shi. Ba duk abin da aka gada ne alheri ba, kuma bai kamata a rufe wannan ba. Yankan gishiri ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Askar da ba a tafasa ba ta kashe jarirai da ciwon sarƙewar haƙora. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka nuna cewa yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Duk da haka akwai abin da tsohon tsarin bai taɓa sakaci da shi ba: ba a barin marar lafiya shi kaɗai, kuma mai taimakonsa wanda ya sani ne, ya san iyayensa.

Da zamani ya juya, wannan hali ya sa kaki. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da ta zo a 1978, kowace ta fitar da 'yan agajinta. Su ne a filin Idi, su ne a sansanin alhazai, su ne a maƙabarta, su ne kuma a bakin asibiti suna nuna wa baƙauye inda ake yankar kati. Kurkunu ma da irin waɗannan hannaye aka kore shi. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya, cutar da ba ta da allura ba ta da ƙwaya. Mutumin ƙauye aka koya wa raba ƙyallen tace ruwa da hana mai ciwo shiga tafki, yana rubuta duk wanda tsutsa ta fito masa. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da shi.

Shan inna ce dai ta fi koya wa hukuma karatu, kuma da tsada ta koyar. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafi a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin an cusa masa abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya. Mutane ba don wauta suka ƙi ba. Ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 ya kashe fiye da 11,000 a ƙasar nan, a tsakiyar annobar kuma kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon magani da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, abin da ya jawo shari'a ta shekaru. Sannan ga tambayar da magidanta ke yi a ƙofar gida, wadda duk wanda ya yi aikin nan ya sha jin ta: "Malam, zazzaɓi na kashe mana 'ya'ya, in mun je asibiti a ce mu sayo magani. Me ya sa wannan kaɗai kuke biyo mu da shi har gida, kyauta?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma shekaru aka yi ba a ba ta amsa ba. A 2006 yara 1,122 shan inna ta shanye wa ƙafa ko hannu a Nijeriya.

Abu biyu suka juya al'amarin. Na farko, a 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, magana ta riƙa sauka daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa yaran gidajensu a bainar jama'a. A 2010 adadin ya faɗo zuwa 21. Amma umarni yana buɗe zaure ne kawai, ba ya shiga ɗakin uwargida. A 2012 cutar ta sake tashi zuwa 122, jihar Katsina na cikin inda ta fi ƙamari.

Na biyu shi ne abin da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fara a wannan shekarar ta 2012. Maimakon a riƙa turo baƙuwa daga cikin gari, sai a zaɓi mace daga unguwar, wadda mai unguwa ya yarda da ita, mata kuma suka saba da ita. A ba ta littafi. Ta san gidan da aka haihu, ta san mai ciki da ba ta fara zuwa awo ba, ta san yaron da ake ɓoyewa a bayan ɗaki in masu rigakafi sun zo. Ranar suna tana wurin, don dama da ita za a yi ko ba aiki. Ba lacca take yi ba. Takan yi sallama ta zauna kan tabarma, a gaisa, a tambayi mai jiki, can ta ce, "Maman Sani, ni ma nawa duk an ɗiga musu, ga shi har na yi musu ƙannai biyu." Wannan jimla ta yi abin da sanarwar rediyo ta kasa. Matan ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, suka shiga ta ƙofar makarantun Islamiyya. Waɗanda cutar ta riga ta nakasa suka riƙa bin masu rigakafi a kan kekunansu, suna tsayawa gaban magidancin da ya ƙi, su ce masa ya dube su da kyau. A Fabrairun 2013 aka harbe masu aikin rigakafi tara a Kano, mata suka ci gaba da fita. A 2014 yara shida kacal aka samu a duk ƙasar, a ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Har yanzu akwai wani nau'i da kan ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa ba a daina zagaye ba.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai kuwa a Ɓaure da Mai'aduwa aka yi shi, kuma kaɗan ne cikin mutanenmu suka san cewa ƙasarsu na cikin inda aka faro shi. A Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a yankunan Sahel, inda ruwa ke zuba cikin wata uku zuwa huɗu zazzaɓin cizon sauro kuma ya taru a wannan ɗan lokaci, a daina jiran yaro ya kwanta. A riƙa ba shi magani kowane wata tun yana da lafiyarsa, daga ɗan wata uku zuwa wanda bai cika shekara biyar ba. A shekarun 2013 da 2014 ƙungiyar Malaria Consortium tare da ma'aikatar lafiya ta jihar Katsina suka gwada wannan a ƙananan hukumomi huɗu, Ɓaure da Dutsi da Mai'aduwa da Mashi. Biyu daga ciki na ƙasar Daura ne.

Yana da kyau a san yadda aikin yake, don a cikinsa darajar masu yin sa take. Ƙwayoyi iri biyu ne. Ranar farko mai rabo takan ba yaro duka biyun a gabanta, ta ɗan jira ta ga ko zai amayar, in ya amayar nan take a sake ba shi. Yaron da ta tarar jikinsa da zafi ba ta ba shi, sai ta tura uwar asibiti a gwada jininsa. Ta rubuta a kati, ta yi alama da alli a bango, ta bar wa uwa ƙwaya biyu, ɗaya ta gobe, ɗaya ta jibi. Bayan mako huɗu ta dawo, haka har sau huɗu. Maganin farko-farko yana da ɗaci ƙwarai, sai an daka an sa sukari, yara na ihu suna tofarwa. Duk wannan kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanyoyi sun jiƙe, ita kanta mai rabon tana da gonar gyaɗarta ko ta riɗi da ke jiran ta. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Sahel sun nuna cewa in an sha yadda ya kamata, yana kare kimanin kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da zai kama yaro a wannan lokaci.

To, ina ƙashin bayan abin yake? Yana rana ta biyu da ta uku. Ranakun nan babu likita, babu jami'in ƙaramar hukuma, babu mota mai tambari. Uwa ce da ƙwaya biyu a ƙullin zane, da yaro mai lafiya da ba ya son ɗaci, da uwar miji da ke cewa ina dalilin ba mai lafiya magani. In ta ba shi, ta ba shi ne don ta yarda da wadda ta kawo, kuma ta san za su haɗu a bakin rijiya ko gidan biki a tambaye ta. Yau miliyoyin yara ke shan wannan magani kowace damina a jihohin Arewa, kuma har yanzu a kan wannan yarda yake tsaye.

Tamowa ma haka. Yunwar da ta afka wa Nijar a 2005 ita ta canja yadda ake jinyarta. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a can, mafi yawa a yankin Maraɗi, kuma galibinsu ba a kwantar da su ba. Wani haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari a 'yar leda ake ba uwa ta tafi da shi gida, ta dawo bayan mako. Wajen 2010 ƙungiyar Save the Children ta kawo wannan tsari Daura da Zango. Nan ma mai aikin sa-kai ce idon shirin. Tana yawo da ɗan zaren awo mai kore da rawaya da ja, ta naɗa a dantsen yaro, in bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa ja, sai asibiti. Ta danna bayan ƙafarsa da yatsa ta ga ko wurin zai lotsa, don kumburi ma tamowa ce ko da yaro ya yi kamar ya yi ƙiba. Iyaka ba ta taɓa raba zumunci a nan ba, matan ƙauyukan Nijar na kusa su ma kan goyo nasu su zo. Mu ma muna da namu laifin a ciki: abincin da aka kawo don yaron da ke bakin mutuwa an gan shi a kasuwa ana sayarwa, manya na sha. Wanda ya saya da wanda ya sayar duk sun ci amanar yaron.

Akwai kuma direbobin tasha, waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana zancen lafiya. Wajen 2010, ƙarƙashin wani shiri da Birtaniya ta tallafa a Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara, aka shiga yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta ƙasa. Aka koya wa waɗanda suka ba da kansu alamomin haɗari ga mai ciki, wato jijjiga da zubar jini da doguwar naƙuda, da yadda ake ɗaukar ta a sa a mota. Direba ya bar lambarsa a ƙauye, ko tsakar dare aka kira shi ya zo, ba ya tsuga kuɗi, na mai kawai ake ba shi. Ladansa a tasha shi ne a ba shi lodi ba sai layi ya zo kansa ba. A wasu ƙauyuka aka haɗa da asusun ko-ta-kwana irin na adashi, da jerin samarin da suka yarda su ba da jini. Dabara ce mai arha da ta fahimci inda mata ke mutuwa: a gida ana jiran izinin maigida, ko a hanya ana cinikin mota.

Yanzu sai a duba abin da ya haɗa duk waɗannan. Ƙafafun namu ne, bakin namu ne, amanar tamu ce. Amma littafin, da horon, da ɗan alawus ɗin, da ƙwayar, kusan duka daga waje suke zuwa, kuma kowane shiri da ranar ƙarewarsa a rubuce. In ya ƙare, motoci su tafi, littafin ya shiga kwali a wani ofis, matar da ta san kowane jariri a unguwa ta koma dakanta. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A farkon 2025 Amurka ta datse tallafin da take bayarwa, Birtaniya da ƙasashen Turai su ma suka rage. A Yulin shekarar likitocin Na-gari Na-kowa suka ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinsu na jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa, da yawa don an makara wajen kawo su. Makara kuwa ita ce ainihin abin da mai zaren awo take hanawa.

Ban yarda da masu cewa tunda aikin Allah ne bai kamata a biya komai ba. Matan nan talakawa ne, wasu zawarawa, wasu su ke ciyar da gida. Wadda ta bar sana'arta ta yi kwana huɗu tana yawo a rana, aka riƙe ɗan abin da aka yi mata alkawari wata da watanni, an zalunce ta, ko da sunan lada aka kira aikin. Gwamnati ta san da gyara. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ake maganar kwamitocin lafiya na ƙauye da na gunduma, a 2018 kuma aka ƙaddamar da shirin haɗa masu aikin sa-kai wuri guda a ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko. Kwamitocin suna nan a takarda, waɗanda ke raye kuwa su ne inda aka dace da shugaba mai kishi. Tambayar da ta fi damuna ba ta gwamnati ba ce. Ƙasar da ke fitar da zakkar gero da riɗi kowace kaka, mai kasuwar dabbobi irin ta Mai'aduwa, mai 'ya'ya attajirai da manyan ma'aikata a Abuja da Kano da Legas, me zai hana ta riƙe matan nan da kanta, littafinsu ya zauna a hannun mai unguwa da limami da malamin asibitin gunduma?

Ciwon hankali shi ne inda ba a taɓa gwada wannan hanya ba ko da kuɗin aro. Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Saurayi ya fara magana shi kaɗai, ko ya daina barci, ko ya ɗauki makami a kan mahaifiyarsa. A fara da ruƙiyya da rubutu, a je wajen mai magani, a sayar da akuya, a sayar da gona. In ƙarfi ya ƙare a sa masa sarƙa a ɗakin baya, ko a nemi gidan da za a karɓe shi. Mai jego ta daina ci ta daina magana, ta ƙi ɗanta, a ce iska ce. Mai farfaɗiya ya faɗi a kasuwa, mutane su dare don tsoron miyansa, alhali ba a ɗaukar ta, kuma akwai ƙwaya mai arha da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita. Ga shaye-shayen ƙwaya da ya shigo ya ƙara dagula lissafi. Binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, a watan Mayu na shekarar kuma gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga yammacin jihar, wasu sun ga an kashe nasu a gabansu, suna zaune a gidajen 'yan'uwa ba mai tambayar abin da ke hana su barci. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba. Mutumin Zango ko Sandamu da ke son ganin ƙwararre sau da yawa sai ya yi shirin tafiya Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna, da kuɗin motar mutum biyu ko uku, don ba a tafiya da irin wannan majinyaci shi kaɗai.

Iyayen da suka kai 'ya'yansu gidan mari ba duka marasa tausayi ba ne. Da yawansu sun gaji ne, ba su ga wata ƙofa ba. Wannan bai wanke duka da yunwa da cin zarafin da aka yi wa waɗanda aka tsare ba, kuma rufe gidajen daidai ne. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyaci. Sai dai doka ba ta kwana a gidan da ake fama.

Hanyar kuwa ba baƙuwa ba ce, a Nijeriya ma an riga an nuna wa duniya ita. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro a Abekuta ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba majinyata hayar ɗaki. Kowane ya zo da ɗan'uwa guda, ya kwana cikin mutane, da safe ya je asibiti a duba shi. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su ya yi aiki da su. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya rasa wata majinyaciyarsa da ta kashe kanta, danginta suka ce kuɗin motar dawowa asibiti ne babu. Sai ya koya wa tsofaffin matan unguwa yadda ake sauraron mai damuwa a taimaka masa ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya, a kan benci a harabar asibitin unguwa. Binciken da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. A Ibadan da Kumasi ma Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu magani da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna majinyata sun fi samun sauƙi. Kusa da mu, hukumar zakka da waƙafi ta Sakkwato ta daɗe tana ɗaukar nauyin maganin masu taɓin hankali daga dukiyar zakka.

Malami shi ne wanda iyali za su fara zuwa wurinsa, yau da gobe, saboda haka ta wurinsa ya kamata a bi. Malamin da aka nuna wa alamomi zai iya yin addu'arsa, sannan ya ce, "Alhaji, wannan a haɗa da asibiti, kada a ɗaure shi." Daura tana da makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan ƙananan asibitoci, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2008 take da shirin koya wa irinsu gane manyan cututtukan ƙwaƙwalwa da fara jinyarsu ba sai likita ƙwararre na wurin ba. 'Yan agaji suna nan da horonsu da biyayyarsu, su ne za su iya raka iyali ba tare da an yi wa majinyaci dukan kawo wuƙa ba. Direbobin da suka ɗauki mai naƙuda za su ɗauki wannan ma in an nemi yardarsu.

Babbar matsalar wannan ciwo ita ce yankewar magani. Mutum ya samu sauƙi, ƙwaya ta ƙare, ba kuɗin komawa, bayan wata biyu ya koma gidan jiya, dangi su ce ai asibiti ba ya maganinsa. Aikin da ake bukata a nan shi ne irin wanda matan Ɓaure da Mai'aduwa suka riga suka ƙware a kai: a san gidan, a rubuta a littafin da ba kowa ke buɗewa ba saboda sirrin iyali, a leƙa sau ɗaya a mako, a ƙirga ƙwayar da ta rage, in saura ta kwana biyar a sanar da malamin asibiti da mai riƙe da asusun masallaci tun kafin ta ƙare.